Furen Turawa da Ciyawar Zomo

Shekarun baya, lokacin da nake koyon aikin malanta, aka tura ni wata makaranta a Bakura in koyar da Turanci. Malamin da zai zo duba ni mutum ne mai ƙa'ida ɗaya: duk abin da za ka koyar, ka zo da shi a hannu, ba ya karɓar hoto. In ya kayar da kai kuwa, sai ka maimaita shekara.

Darasin da ya faɗo ranar zuwansa shi ne "as fresh as a daisy", wato yadda Turawa ke kwatanta wanda ya huta, ya tashi garau, da wani fure nasu. Ni ko a mafarki ban taɓa ganin furen ba.

Na hau mashin har Maradun wajen abokina mai rainon itatuwa. Ya zagaya da ni cikin dashen mangwaro da dogonyaro, ya ce, "Wanga hure naka, ana cin shi ko magani shikai?" Na ce ƙawa kawai. Ya dube ni kamar na zare. Washegari na bi kasuwar Mafara rumfa-rumfa, ba abin da aka miƙo min sai furen roba na ɗakin amare.

Na dawo gida raina a ɓace, ina duba hoton furen a waya, mahaifiyata ta leƙo. "Kai, wagga ta hana ka zama? Ai ga ta nan bayan gida, ita aka ba zomaye." Na je na duba: fari ne, tsakiyarsa rawaya. Ba shi ba ne, amma na ce ko ɗan'uwansa ne, ya isa.

Na tsinko ciyawar. Kafin in kai aji ta yi laushi, ni ma haka. Na ɗaga ta na fara bayani, sai wata ɗaliba ta miƙa hannu. "Malam, ke nan in Bature na son yabon mutum, ciyawar zomo shika ce mai?" Aji ya kwashe da dariya. Ina gumi, ina satar kallon mai duba ni, shi kuwa sai rubutu yake.

Da aka tashi ya kira ni gefe. Na gama sallamawa cewa ya kayar da ni. Ya karɓi ciyawar, ya jujjuya ta, ya ce, "Ka wuce. Amma ina ka samo ta? Zomayena sun kwana biyu ba su ci ba."

Har yau abin na ba ni haushi. Kwana biyu ina yawo a rana saboda kwatancen mutanen da ba su san da ni ba, ban ko tsaya na tambayi yaran abin da mu muke cewa ba. Yanzu sun girma, wasu da iyalinsu, amma in na shiga Bakura, cikin ladabi suke durƙusawa su ce, "Barka da zuwa, Malam Ciyawa."