Gurbin Bakin Bututu

Mai Bula bai taɓa yin wata sana'a ba sai wanki. Sunan ma daga nan ya samo shi, don tun yana saurayi hannunsa yake da nauyi wajen zuba bula, farar riga ta zo masa fara ta koma wa mai ita shuɗiya. Ya daina wannan ɓarnar tuntuni, amma suna ya riga ya zauna.

Wurin aikinsu wani rafi ne da ya ratsa ta bayan katangar masana'antu a gefen birni. Rafi dai a baki, don rabin ruwansa daga wani ƙaton bututun siminti yake fitowa, inda kamfanonin suke zubar da dattinsu. Masu wanki sun san halin ruwan nan fiye da halin matansu. Da rana yakan juya ja ko baƙi, sai su kwashe kaya su koma shanya. Da safe kuwa fari yake fitowa, da ɗumi, da kumfa a kansa, kuma yana cin datti abin mamaki. Wuyan rigar da zai cinye rabin sabulu, tsomawa biyu ya ishe shi.

Saboda haka suka yi wa kansu doka. Dutsen da ke bakin bututu na wanda ya fi kowa daɗewa ne, ba a karɓe masa sai ya bari da kansa ko an ɗauke shi. Sauran su jeru a ƙasa bisa daɗewarsu, sabon shiga yana can ƙarshe a cikin ruwan sanyi. Daga ƙarshen nan Mai Bula ya fara, yana matsowa dutse bayan dutse duk lokacin da na gaba ya kwanta. Na bakin bututu ba ya daɗewa, kowa ya sani, amma ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Ai tsofaffi ne suke tsayawa a wurin, tsoho kuwa in ya mutu wa zai yi bincike?

Matarsa ce take guga a gida. Ɗakinsu ɗaya ne, rabinsa tulin kayan mutane, kullum yana ƙaurin gawayi da sitati. Ta yi shekaru tana fama da ciwon gwiwa, in ta durƙusa sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Bai taɓa iya yi mata wani abin kirki ba, abin yana cin ransa. Ranar da gurbin ya faɗo hannunsa, furfura ta riga ta cika masa gemu, bai yi tunanin kansa ba. Ya dawo gida yana washe baki, ya ce daga gobe shi zai riƙe dutsen guga, ita ta je ta tsaya a ruwan ɗumi.

Da safe ta tattare zaninta ta shiga har gwiwa. Ta rufe ido, ta yi dariyar da rabon da ya ji ta tun suna amarci. Masu wanki suka yi ta tsokanarsa, wai tsoho ya koma soyayya, matansu kuwa suka riƙa yi wa mazajensu gori da shi.

Ƙaiƙayi ne ya fara zuwa. Fatar ƙwaurinta ta tsattsage, faratan ƙafarta suka yi baƙi. Mai kemis ya ba su man shafawa. Da ta ce ƙaiƙayin yana lafawa in tana cikin ruwan, sai Mai Bula ya ce to ta ƙara daɗewa mana, shi ne maganin. Da bakinsa ya faɗa. Daga nan ƙafafun suka kumbura, fuska ta biyo baya, abinci ya daina zama a cikinta, fitsari ya koma ɗigo.

A babban asibiti, likitar da ta duba ta ba ta yi faɗa ba, ta gaji da ganin irinsu. Ta ce ƙodojin sun lalace, ta tambayi inda take aiki. Da ya kwatanta mata, har da alfahari yana cewa shi ya ba ta wurin da ya fi kyau, sai ta ajiye abin rubutunta ta dube shi. Ta ce kumfar da suke murna da ita guba ce, ɗumin kuma shi yake buɗe mata fata ta shiga jini. Aka ce sai an riƙa yi mata wankin ƙoda. Suka samu aka yi 'yan lokuta, abin ya fi ƙarfinsu, suka dawo gida.

Ya je ƙofar kamfani da niyyar ganin manya. Mai gadi bai bar shi ya wuce ba, ya ce ai an kafa allon gargaɗi a wurin. Gaskiya ne, akwai allo. Tsatsa ta cinye rubutun tun kafin Mai Bula ya yi aure, a jikin allon ma suke ɗaura igiyar shanya.

Tana kwance a tsakanin kayan mutane ya durƙusa ya ce shi ya kashe ta.

"Malam, ka bar zancen nan," in ji ta. "Tun da na zo gidanka ba ka taɓa ba ni abin da ya kai ɗumin nan daɗi ba."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ba ta ƙara sati ba rai ya yi halinsa.

'Yarsa da ke aure a wata unguwa ta ce ya tattara ya dawo wurinta, ya kuma amsa. Ana cikin haka Gajere ya zo masa gaisuwa, shi ne mai bi masa a layi. Ya yi addu'a, sannan ya ce tun da Baba zai huta, yana so ya sa mai ɗakinsa a gurbin, ga ta da tsohon ciki, bayanta yana damunta. Mai Bula ya kwashe duk abin da likita ta faɗa ya gaya masa, bai rage komai ba. Gajere ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ta canza.

"Haba Baba. Ka ci rabonka, sai da abin ya zo kaina ruwan ya zama guba?"

Mai Bula ya bi sauran masu wankin ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu. Wani ya ce kwananta ne ya ƙare, wani ya ce baƙin ciki ya taɓa wa tsoho kai, wani ya ce hassada ce kawai. Wanda ya fi su gaskiya ya ce ko da guba ce, da wane sabulun za su yi wankin?

Washegari ya je rafin don ya kwance igiyarsa ya tafi. Ya tarar da matar Gajere a kan dutsen, ta ajiye bahonta, tana tattare zani da ƙyar saboda ciki. Kumfa tana ta fitowa fara tas. Mai Bula ya tsaya yana kallon ƙwaurinta, fata lafiyayya, ko tabo babu. Ya saki igiyar, ya naɗe wandonsa, ya riga ta shiga ruwan.

"Ban bari ba," ya ce. "Kuma ban mutu ba. Koma ƙasa, 'yata."

Doka doka ce. Ta ɗauki bahonta tana harararsa.

Har yau yana nan a bakin bututu kowace safiya. 'Yarsa ta yi kuka ta gaji. Gajere ya daina gaishe shi, sauran sun sauya masa suna zuwa Marowaci, suna lissafin ranar da zai ba su wuri. Matar Gajere ta sauka lafiya, an ce namiji ne, ba a ko aiko wa Mai Bula goron suna ba. In ya koma ɗaki yakan zauna a bakin gado ya shafa ragowar man da mai kemis ya ba matarsa, don ƙwaurinsa ya fara tsagewa.