Mai kunya a Gidan Zaki

"Ba za ta shiga Gidan Zaki ba, ko za ki wuni kina kuka." Haka na tarar Hafsatu na gaya wa ƙanwarta Asiya, dawowata daga kasuwar Mafara.

Ashe makaranta 'ya'yan nawa suka ƙirƙira a tsakar gida, suka zana mata gidaje da gawayi: Gidan Zaki na masu zuciya, Gidan Zomo na masu wayo, Gidan Kurciya na masu sanyin hali. Suna ta rarraba jaruman katun ɗin da suke kallo.

Rigimar a kan wata jaruma ce da ba ta ɗaga murya, kullum kanta a sunkuye gaban manya. Hafsatu ta tura ta Kurciya.

Asiya, wadda ko ido ba ta haɗawa da baƙo, ta ce, "Inna, da ruwa ya ci garinsu duk masu surutun gudu suka yi. Ita kaɗai ta koma ta goyo kakarta."

"To ai kunya gare ta," in ji Hafsatu.

"Kunya ce, Yaya, ba tsoro ba."

Yadda Asiya ta dage, na san ba jarumar kaɗai take karewa ba. Na aje kayana, na yanke hukunci: Gidan Zaki. Na kamo hannun Asiya na tsayar da ita cikin zanen ita ma.

Mu ke koya wa 'yan matanmu sunkuyar da kai, mu kuma dawo mu ce ba su da zuciya. Ku a gidanku, wa kuka tura Kurciya alhali 'yar Gidan Zaki ce?