Hoton Baba a Kan Dutse

Shekarar da yayana ya sayi mota, danginmu kaf sai da muka ji a jikinmu. Ma'aikaci ne a Yamai, irin mutanen nan da ko ruwa za su sha sai sun tsara purogiram. Ana rufe lakkwal, wato makaranta, don hutu ya kira ni, ni da nake koyarwa a Dogon Dutsi, ya ce bana Baba zai buɗe ido. Za a ɗauko shi daga ƙauyenmu, can wajen Ɗan Kassari, a zaga da shi Dogon Dutsi, a kwana gidana, da safe a kama gudiro, wato kwalta, sai Yamai. Baba bai taɓa ganin gulbi ba, kuma ya sha faɗin yana so ya ga ruwan da aka ce ba ya ƙafewa.

Na ce da yayana ko ya manta watan da ake ciki? Ƙarshen bazara ne, an share gonaki, wuyan kowa ya ƙage don kallon gabas. A wurinmu in ruwan fari ya sauka, washegari ake shuka, tun ƙasa na da laima. Magidancin da ruwan fari ya tarar ba ya gida kuwa, ko rumbunsa ya fi na kowa cika daga baya, sunansa ya zama wane da ya tafi yawo ranar shuka, har jikokinsa su gada. Yayana ya ce ya duba waya, babu ruwa a makon. Wayar ta faɗa, magana ta ƙare.

Da farko Baba ya ƙi. Inna ce ta tsaya masa a kai, ta ce ɗa ya sayi mota, ubansa ya ƙi shiga, me za a ce a gari? Haka ya fito cikin sabuwar shadda mai ƙarar sitaci, ya bar irin hatsinsa a ƙwarya da sungumi jingine a bakin ɗaki. Sai da ya waiwaye su kafin ya rufe ƙofar mota, ni kuwa na gani.

Yayana ya zo da matarsa da 'ya'yansu, da wani abokinsa na ofis wanda ya naɗa kansa jagora. Iyakar sanin da mutumin nan ya yi wa Dogon Dutsi shi ne tsiren tasha, in bas ta tsaya. Amma baki gare shi. Ya sa aka tsaya da mota, ya nuna da hannu, ya ce:

"Baba, nan ita ce kasuwa."

Baba ya ce, "To."

Kasuwar da yake kai awakinsa tun ba a haifi yayana ba! Bai rufe baki ba wani dillali ya hango Baba ta gilashi, ya ƙwala kira: "Tsoho, yau kai na cikin mota? Ina akuyar da munka yi magana?" Jagora ya yi kamar bai ji ba, ya ce a wuce gaba.

Aka kai shi ƙofar ofishin gwamnati aka ɗauki hoto. Aka kai shi bakin tabkin da ya rage taɓo, aka ɗauki hoto. Har wani jaki da ke tsaye yana harkar gabansa sai da yaran suka jera a gefensa, uwarsu na tsawa kada su taɓa shi. Ni dai ina baya da kular abinci, haushi kamar in yi kuka, don ni ce 'yar gari amma babu mai tambayata ko hanya.

Da la'asar aka ce a hau dutse a yi pikinik. Muka hau muna haki, aka shimfiɗa tabarma a kan duwatsun da suka wuni a rana, aka buɗe sardin da burodi. Baba ya dubi garin a ƙasa, ya dube mu, ya tambaye ni a hankali:

"Ke, wa yak kore mu daga gidanki? Ga inuwa can, mun zaka bisa dutsi muna cin kihin gwangwani."

Ina cikin ƙunshe dariya iska ta juya. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san wannan iskar, mai sanyi da ƙanshin ƙasa. Baba ya ajiye burodinsa ya miƙe. Can gabas, daidai inda ƙauyenmu yake, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, har ana ganin ƙafar ruwa ta sauka. Jagora ya yi murna, ya ce ga kyan gari, kowa ya matso a ɗauka. Aka jera, aka ce a dubi waya, kowa ya duba ban da Baba.

"Ku maishe ni gida," in ji shi.

Yayana ya ce, "Baba, gobe fa Yamai. An riga an shirya komai. A sa wasu su shuka maka mana."

"Ina da rai, da ƙahwahuna, wani shi shuka min gonar ubana? In ƙorama ta kawo, babu mai ƙetarawa sai jibi. Yamai tana nan, ba ta bushewa. Bayan kaka mu tahi."

Yayana ya ce motarsa ba ta shiga yashi da laka, sabuwa ce. Baba ya tattare shaddar nan ya saɓa a kafaɗa, ya gangara dutse da saurin da ban san yana da shi ba. Kafin mu naɗe tabarma ya hau babur ɗin kabu-kabu, babbar riga na tashi a bayansa. Sauran suka wuce Yamai da safe, suka turo mana hoton gulbi.

Baba ya isa, ya kuma shuka tare da mutane. Sai dai ruwan nan yaudara ce. Daga shi sama ta ɗauke kusan wata guda, tsiro ya ƙone a gonar kowa, aka sake shuka. Yayana ya kira har da dariyarsa, ya ce ashe da an tafi ma ba a rasa komai ba. Baba ya ce, "Da ni anka yi hasara. Ya hi a yi ta ba ni nan."

Bayan kaka aiki ya riƙe yayana. Shekara ta kewayo mota na gareji. Ta gaba kuma Baba ya kwanta, bai tashi ba. Har yau in na hau gadar Yamai na ga ruwan nan shimfiɗe, sai in tuna Baba bai samu ganinsa ba.

Da aka zo neman hotonsa, sai aka ga duk na cikin gari fuskarsa a murtuke take. Na kan dutse ne kaɗai ya fito da kyau, shi yayana ya sa aka faɗaɗa, ya rataye a falonsa. Kowa na dariya yana kallon gaba, Baba a gefe ya juya, rabin fuska kawai ake gani, idonsa a nesa. In baƙi suka tambaya, yayana kan ce ranar da ya kai tsoho yawon buɗe ido ne, ga shi nan kyan gari ya ɗauke masa hankali. Ba na gyara masa. Amma na san inda Baba yake kallo, gonarsa ce.