Siririyar Kwamfutar da Ta Cinye Muryar Baba

Har yau in na tuna kwamfutar nan sai raina ya ɓaci. Mu a Zuru ko injin niƙa mutum zai saya, tambayarsa ta farko ita ce, "Ana samun kayan gyaransa?" Amma ni, malamar makaranta guda, na je sayen kwamfutar tafi-da-gidanka na bar tambayar a gida.

Yayana, tsohon soja, shi ya raka ni. Ya ɗauki wata mai kauri, ya juya bayanta, ya ce, "Ƙanwata, ɗauki wannan. In ta cika a ƙara mata wuri, in abu ya mutu a cire a sa sabo."

Mai shagon ya kwashe da dariya. "Haba oga, wannan tsohon yayi! Ga siririya, duk kayan cikinta a liƙe suke. Ko Wasagu aka kai ta a babur, duk gargadar hanya, ba abin da zai motsa."

Kun ji fa, aibin ma shi ya tallata mini, ni kuma na washe baki na saya.

Saboda Baba na saye ta. Shi kaɗai ya rage a zuriyarmu da ke riƙe da waƙoƙin golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Kowace Asabar nakan je gidanmu a Rikoto in ɗauki muryarsa a waya da yarenmu na C'lela, in juye a kwamfuta, in goge na wayar. Da kwamfutar ta cika, na kai a ƙara mata wuri, aka ce ba dama. Na ce zan nemi inda zan kwafe, na yi ta ɗage ranar.

Baba ya rasu da damina. Bayan sati uku kwamfutar ta ƙi tashi sam.

Mai gyara ya buɗe ta da ƙyar, ya girgiza kai. "Malama, da irin mai kaurin ce, da yanzun nan na zare miki ma'ajiyar da muryar ke ciki. Wannan a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar aka liƙa ta, allon kuwa ya ƙone."

Wane marar tausayi ne ke ƙera abu haka, fisabilillahi? 

Mama ce ke tambayata duk Asabar. "Kunna mini wadda babanki ya rera a gonar babana mana."

Har yanzu ce mata nake yi tana wurin gyara.