Agogon da Ya Ce Na Samu Sauƙi

Agogon ya zo mini daga Yamai a cikin ɗan kwali, shekarar da ɓarin jikin maigidana ya shanye. 'Yarmu ce ta aiko shi. Ita kaɗai Allah ya bar mana, kuma can take aiki. Da ta ji likita ya ce ni ma tansiyo, wato hawan jini, ya fara taɓa ni, sai hankalinta ya tashi. Ta waya ta koya mini yadda ake ɗaura shi da yadda ake yi masa caji.

"Mama, kada ki cire shi sai za ki yi wanka," in ji ta. "Duk abin da ya gani a jikinki, ni ma zan gani a wayata."

Cikin abubuwan da yake nunawa akwai wata lamba da ta fi damuwa da ita. Ta ce ita ce ke faɗin ƙarfin zuciya da huhu, wato yadda jiki ke iya amfani da iska in ya sha aiki. Ƙarƙashin lambar akwai launi, ko ja, ko ruwan ɗorawa, ko kore. Nawa ja ne.

A unguwar Zariya muke a Maraɗi, a gidan da muka gina bayan mun aje aikin koyarwa. Malam nake ce wa maigidana, shi kuma Malama yake ce mini, tun muna koyarwa a lakwal guda a Tibiri kafin aure. Likita ya ce lalle ya riƙa taka ƙasa kowace safiya, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Malam dogo ne, mai jiki. Sai ya riƙe sanda da hannun dama, ni in shiga ƙarƙashin hannun da ya mutu, in rungume ƙugunsa, mu fita. Lungunmu rairayi ne zalla. Yana jan ƙafa, ina ɗauke da rabin nauyinsa, 'yan kabu-kabu suna kauce mana. Kafin mu kai gindin dogon-yaron da ke bakin titi, na jiƙe sharkaf da zufa.

Can muke zama a kan wani benci mu huta. Maganarsa ba ta fita sosai, amma barkwancinsa bai tafi ba.

"Malama, yau me agogonki ya ce?"

"Ya ce na gaza."

"Ni fa?"

"Kai bai ma san da kai ba."

Sai ya yi dariya da rabin baki, in goge masa haɓa da gefen mayafina.

'Yata kuwa ba dariya take yi ba. Takan kira ta ce agogo ya nuna a hankali nake tafiya amma zuciyata tana bugawa kamar mai gudu, wannan ba alama mai kyau ba ce. Na ce mata ai da babanta nake tafiyar. Ta ce to in riƙa fita ni kaɗai da yamma. Na ce to. Ban fita ba, don babu wanda zan bar wa shi.

Malam ya rasu da faɗuwar damina. Muka kai shi Tibiri, garinsu, aka yi masa sujada a majami'ar da aka yi masa baftisma yana yaro. Maƙwabtanmu Musulmi sun cika mota sun raka mu, sun tsaya a waje har aka gama. 'Yata ta zauna da ni 'yan kwanaki, ta yi ta roƙona in bi ta Yamai. Na ƙi. Ban ga yadda zan rufe gidan nan in tafi ba.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, safiya ce ta fi yi mini wuya. In na tashi babu wanda zan wanke wa fuska, babu wanda zan dama wa kunu. Lokacin fitarmu yana yi sai in ga kaina a bakin ƙofa. Na ci gaba da fita, amma da sauri, don ba na so in wuce dogon-yaron nan a hankali, ba na kuma so a tsayar da ni a yi mini ta'aziyya. In na hau kwalta sai in miƙe har Sabon Gari, in bi ta gaban masu buɗe shaguna, in zagayo. Ba inda za ni. Gidan ne ba na son komawa.

A wannan lokacin ne kuma na kai ƙarar faɗuwar gaba asibiti, aka canza mini maganin tansiyo.

Ba a daɗe ba launin ya koma ruwan ɗorawa. Kafin kaka ya zama kore.

"Mama, kin gani?" Muryar 'yata har rawa take yi don murna. "Jikinki ya fi na bara nesa ba kusa ba. Na gode wa Allah."

Ta yi niyyar zuwa hutun Kirsimeti, amma aiki ya yi mata yawa, ta ce tunda ina lafiya bari ta bari sai Ista. Kiran waya ya ragu. Sai dai ta turo mini hoton koren nan da 'yar gajeriyar gaisuwa. Ban ga laifinta ba. Abin da ta gani ke nan.

Ni kuwa na daina ɗora tukunya. Tuwon mutum ɗaya ba ya tuƙuwa, ko kuwa ni ce ban iya ba. In na sha fura da rana, shi ke nan sai gobe. Zanena ya fara zagaye ni har ya yi saura. Ran Lahadi in muka tashi waƙa a majami'a, sai numfashina ya ƙare a tsakiyar baiti, in riƙa motsa baki kawai. In na duba hannuna kuma, kore ne. Har na fara ce wa kaina ƙila haka lafiya take ga wanda ya tsufa.

Ƙanwar Malam tana aure a Jiratawa, suna da lambun zogale a bakin hanyar ruwa. Ta sha aiko mini in zo in wuni. Wata rana da zafi ya fara shigowa na shirya na tafi. Ban same ta a gida ba, aka ce tana lambu, na ce zan ƙarasa da ƙafa tunda ni mai tafiya ce. Na hango ta tana tsinkar ganye, na ɗaga hannu zan yi mata sallama, sai idona ya rufe.

Na farfaɗo a inuwar mangwaro, kaina a cinyarta, tana shafa mini ruwa a fuska. Ta kama hannuna, agogon ya zame har tsakiyar dantse.

"Matar Yaya," ta ce a hankali, "yaushe rabonki da abinci?"

Ita ta rako ni Maraɗi a ranar, ta kai ni asibiti.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Bayan gwaje-gwaje ta ce jinina ya yi ƙasa, kuma maganin da nake sha ya fi ƙarfin jikina yanzu da na rame. Na miƙa mata hannu na nuna mata koren, na ce to wannan fa?

"Mama, agogon nan ba ya auna numfashinki," in ji ta. "Saurin tafiyarki yake dubawa da bugun zuciyarki, ya haɗa da shekaru da nauyin da aka rubuta masa, sai ya yi ƙiyasi. Gwajin gaskiya sai an rufe wa mutum hanci da baki da na'ura, yana gudu ana aunawa. Ga matashi mai lafiya yakan kusanci gaskiya. Ke kuwa maganinki yana rage bugun zuciya. Agogo ya ga kina sauri zuciya tana tafiya a hankali, ya ɗauka ƙarfi kika yi."

Na ce mata ai bara ja yake nunawa. Ta tambaye ni yadda nake tafiya a lokacin, na ba ta labari. Ta aje biro ta dube ni.

"Kina ɗauke da mutum a cikin rairayi kowace safiya? Ina jin lokacin kin fi yanzu ƙarfi."

Da la'asar na kira 'yata na gaya mata duka.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba, Mama?"

"Na ga kina murna."

Sai na ji tana kuka. A ƙarshen makon ta zo. Ta yi mini miyar kuka da naman kaza, ta zauna a gabana har na cinye. Ta so ta cire agogon ta jefa a akwati, na hana ta, don na saba duba lokaci a jikinsa. Ta yi kwanakin da aka ba ta a wurin aiki, ta sake roƙona in bi ta, na sake ƙi. Na raka ta tasha da safe na dawo.

An canza mini magani, launin ya sauko ruwan ɗorawa, babu wanda ya ƙara tambayarsa. Yanzu in ta kira, abin da na ci take tambaya. Ƙanwar Malam tana aiko mini da zogale duk ranar da motar kayan lambu za ta shigo gari. Nakan dafa, in kwaɗa da ƙuli-ƙuli, in fito da tabarma tsakar gida. Sai in bar ƙofar waje a buɗe, ina ci ina jin matan maƙwabta suna hira a kan hanyarsu ta zuwa injin niƙa.