Kwanon Iya da Taswirata

Edita, ina gaisuwa. A shekarar da korona ta shigo, ni ma'aikaciya ce a sashen nazarin ƙasa na wata jami'a, ina zaman haya a Wudil ni kaɗai. 'Yar Jihar Gombe ce ni, Kirista, ban yi aure ba, kuma in faɗi gaskiya ina da ɗan ji da kai irin na 'yan boko. Da aka rufe makarantu da coci, aka kulle iyakokin jihohi, abokan aikina duk sun riga sun tsere gida. Ni na maƙale saboda an ba ni aikin zana taswirar da za ta nuna garuruwan da annoba za ta fi yi wa illa, da inda ake da gadon asibiti, ma'aikatan jinya da iskar taimaka wa numfashi. Duk ƙauyen da ya yi nisa da asibiti, ko hanyarsa ke yankewa da damina, sai in shafa masa ja. Wasu ƙauyukan Darki da Dagumawa sun sha ja har sun gaji. Unguwarmu kuwa kore shar, don ko da ƙafa kana isa asibiti, kuma ganin koren nan yakan kwantar min da hankali.

Mai gidan hayar wata dattijuwa ce 'yar asalin wani ƙauye a Darki, muna ce mata Iya. Tun zuwana, kullum ta sauke tukunya sai kwanona ya iso, tare da gaisuwarta mai tsawo. Ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen Gombe ɗaya bayan ɗaya alhali ba ta taɓa ganinsu ba. Da tsoro ya kama ni, sai na leƙo ta taga na ce mata ta daina shigowa, a bar gaishe-gaishen nan sai cuta ta wuce. Ta yi dariya ta ce ta ji, gaisuwa ta bari, amma shi kwano ai ba ya tari. Daga ranar sai ta riƙa ajiye shi a bakin ƙofa ta juya. Ni kuma in juye abincin, in dirje kwanon da sabulu kamar zan huda shi, in mayar waje in rufo ƙofata. Sai in yi kwana da kwanaki ban ji ko muryar kaina ba, daga ni sai kwamfuta. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, amma ina ce wa kaina ai hankali ne.

Da zazzaɓi ya fara, ban gaya wa kowa ba. Mutanen gida can Gombe me za su yi, hanya a rufe? Wata safiya na kasa tashi. Wayata ta mutu don babu wuta, ƙirjina kamar an ɗora min buhun gero. Asibitin yana nan kusa kamar yadda taswirata ta nuna, amma babu mai kai ni. Na yi kuka, na tabbata a ɗakin nan zan mutu ba wanda ya sani. Kwanon ne ya cece ni. Iya ta kawo abincin rana ta tarar da na jiya a rufe, ba a taɓa ba. Ta buga ƙofa ta ji shiru, ta sa aka ɓalle ta. Ta naɗe hancinta da mayafi, ta tallafe ni har cikin a-daidaita-sahu, tana min faɗa a hanya wai wane irin mutum ne yake ɓoye ciwo a gidan da akwai uwa.

Gwaji ya tabbatar da cutar, aka killace ni. Da na dawo na tarar da ɗakinta a kulle. Maƙwabta suka ce ruwa ya sauka, ta tafi ƙauye shuka. A can tari ya kama ta, ruwa kuma ya yanke hanya, kafin a sami abin da zai fito da ita bakin titi rai ya yi halinsa. Ba a yi mata gwaji ba, don haka har gobe ban sani ba ko a jikina ta ɗauka. Na buɗe taswira, ga ƙauyensu ja jawur, da hannuna na shafa shi. Na san haɗarin wurin kafin kowa, na aika wa ofis, amma ita da ke ciyar da ni ban taɓa faɗa mata ba, tunda na yanke magana da ita.

Ban raina aikin taswira ba, yana da amfani. Sai dai ita taswirar nisan asibiti take aunawa, ba ta san wanda yake da mai buga masa ƙofa ba. 'Yan'uwana masu zaman baƙunta, in annoba ta zo ku bi dokar lafiya, amma kada ku yanke gaisuwa, ko ta taga ana yin ta. In kun san abin da zai tsare rai, ku fara faɗa wa na kusa da ku. Kwanon Iya yana wurina, na wanke shi tas, har yau ban sami wadda zan mayar wa ba.