Hannun Mijin 'Yata

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, ban daɗe da dawowa Roni daga fatauci ba, fitsarina ya ɗaure. Marata ta kumbura kamar ƙwarya. Ƙanena ya nemo akori-kura, aka shimfiɗa ni a baya, sai asibiti a Kazaure.

Ni ba baƙon gadon asibiti ba ne. Na kwanta a Khartum, inda nas ke juya mutum kamar buhun gero, amma ba ta taɓa makara da allura. Na kwanta a Damagaram, inda ake kiran mutum da lambar gadonsa cikin Faransanci, zanin gado kuma fari fat. A zaure nakan jera wa mutane su, in ce can sun fi tsabta, nan sun fi sauri. Abin da ban taɓa sawa a ma'auni ba shi ne, duk wanda ya ga tsiraicina a waɗannan wurare bai san gidanmu ba.

Ran nan likita ya tafi Kano. Malamin asibiti ɗaya ne ya iya sa robar fitsari, kuma da ya shigo sai na ga mijin 'yata ta fari. Yarinyar da ko sunanta ba na faɗa. Shi kuwa bai taɓa cin abinci a gabana ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

Ya tuɓe takalmi a tsakiyar ɗakin majinyata, ya tsuguna, ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Na juya wa bango fuska, na ce wa ƙanena, "A kai ni Kano."

"Yaya, hanyar nan da ramukanta? Kafin mu kai ka fashe."

Wani tsoho Bafillace daga Gwiwa, a gadon kusa da ni, ya yi dariya har da tari. "Alhaji, ka fi mu Fulani kunya ke nan! Ka ba shi 'ya, yanzu kuma za ka ba shi wahalar jana'iza?"

Surukina bai yi mini magana ba. Sai ya fuskanci ƙanena, ya ce, "Baba ƙarami, a gaya wa Baba, in ya yarda, za a rufe masa fuska da rawaninsa. Ba zan yi magana ba, shi ma ba sai ya yi ba."

Ciwo ya murɗa ni, na ɗaga hannu kawai.

Aka ja labule, aka yafa mini rawanin. Na ji ƙarar ruwa a kwano, na ji ya ɗumama hannuwansa kafin ya taɓa ni. Ko'ina ya bar mini a rufe sai inda aiki ya tilasta. Da fitsarin ya fara zuba, sauƙi ya zo mini tare da hawaye, ban san ko na sauƙin ne ko na kunya ba. Sai da ƙarar takalminsa ta yi nisa ƙanena ya yaye rawanin.

Har aka sallame ni, ta bakin ƙanena yake tambayar jikina.

Da Sallah ya zo gaisuwa Roni. Ya tsuguna a bakin zaure, nesa fiye da yadda ya saba. Wani maƙwabci ya ce, "Alhaji, to yanzu tsakanin Khartum da Kazaure, wa ya fi iya jinya?"

Surukina ya miƙe a hankali, ya ce zai shiga ya gaida mutanen gida.